Murhun Shayi A Cikin Mota: Abin Da Ya Same Mu A Gaba Da Abalak

Jarka goma ta ruwa muka ɗauka, lita 200 ke nan, mu bakwai, don tafiyar kwana biyar. Bargo kuwa huɗu. Wanda ya dubi wannan lissafi ya riga ya san abin da ke ranmu ranar da muka bar Tahoua a hutun ƙarshen Disamba: ƙishirwa muke tsoro. Duk wanda muka yi wa sallama sai ya tambaye mu ruwa, ya tambaye mu mai da taya. Ba wanda ya ce yaya za ku kwana.

A dare na biyu mutum huɗu 'yan gidanmu suka kusa rasa ransu: yayana, da matarsa, da ɗansu mai shekara 11, da 'yarsu mai shekara 5. Tun daga ranar nake bin abin daki-daki ina neman inda ya fara lalacewa, kuma abin da na gano ya sha bamban da abin da ake faɗa a cikin dangi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi. Ba zan kama sunan kowa ba.

Motar

Yayana kayan sola yake sayarwa. A wayarsa ya riƙa ganin mutanen Amurka masu mota mai ɗaki a ciki, waɗanda in sanyi ya tsananta a arewacin ƙasarsu suke gangarawa hamadar Arizona, su yi zango dubbai a kewayen wani ɗan gari, Kwatsayit, musamman cikin Janairu. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce mu da hamada ke bakin ƙofarmu, yaranmu ba su taɓa kwana cikinta ba. Ya sayi tsohuwar Hiace da ta gama jigilar fasinja, aka cire kujeru, mai walda ya ƙera gado, kafinta ya yi akwatunan kaya, shi kuma ya ɗora faifan sola a rufi ya haɗa batir da fitilu da wurin cajin waya.

Saura ƙura. Duk ɗan Ader ya san yadda hunturu ke cusa ƙura har cikin tukunyar da aka rufe. Wannan aiki ni na karɓa. Na sa sabuwar roba a bakin ƙofofi, na liƙe tagogin baya biyu da ba su rufuwa da kyau, na toshe ramukan ƙasa inda aka kwance kujeru, aka ɗinka labule mai kauri tsakanin gaba da baya. Muka gwada ta a hanyar Keita muka dawo, na shafa katifa, hannuna fes. Ranar na yi murna ƙwarai.

Abin da ba mu gani a waya ba shi ne, motocin can suna da mafitar iska a rufi, abin ɗumama ɗakinsu yana fitar da hayaƙinsa waje ta bututu, kuma akwai ɗan ƙararrawa da ke kuka in guba ta taru a ciki. Mai ɗaukar hoto gado yake nunawa da faɗuwar rana, ba ya nuna waɗannan.

Hanya

Arewa ba ta shiga lissafi. An sa Tillia da Tassara ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, kuma bayan kisan mutum 137 a yankin Tillia cikin Maris na 2021 babu mai hankalin da zai kai yara can yawon buɗe ido. Muka zaɓi kwaltar Tahoua zuwa Agadez, hanyar yuraniyom, da niyyar kada mu yi nisa da ita: kwana a Tabalak, kwana a gaba da Abalak, sannan Ingal, daga nan mu leƙa dutsen Tigidit. Tigidit buƙatata ce. Kimiyyar rayuwa da ƙasa nake koyarwa, na yi shekaru ina ba yara labarin Jobaria, ƙaton dinoson da ayarin Paul Sereno ya tono a 1997 aka raɗa masa suna a 1999, aka ɗauko kashi na biyu na sunan, tiguidensis, daga sunan wannan dutse, alhali iyakar abin da idona ya gani shi ne ƙasusuwan da ke gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Muka sanar da jandarma hanyarmu da ranar dawowa, muka ɗauki Hilux da direbanta don Hiace ba motar rairayi ba ce, muka yi magana da wani dattijo Ba'abzine na Abalak zai yi mana rakiya. A wannan fanni ban ga abin da muka rage ba.

Tabalak, kilomita 50 da 'yan kai daga gida, ta yi mana daɗi. Tafkin yana cikin jerin dausayin duniya na Ramsar tun 2005, kuma a wannan lokaci na shekara tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna tare da zalɓe da kirinjijiya a bakinsa. Yara suka ci soyayyen kifi har suka bari. Amma daren nan shi ya ruɗe mu. A cikin gidan wani abokin yayana muka ajiye motar, katanga ta kare ta ta ko'ina, iska ba ta taɓa ta ba. Da safe yayana ya fito yana cewa ai ko bargo ɗaya ma ya isa.

A Abalak muka ɗauki dattijon. Ya kewaya motar sau ɗaya, ya leƙa ciki, ya ce wa yayana, "Alhaji, ta ina iska ke shiga?"

"Ba ta shiga, Baba. Malam ya toshe ko'ina."

Ya yi shiru. Sannan ya tambayi barguna, da ya ji huɗu ne ya ce a ƙara a kasuwa kafin mu wuce. Yayana ya ba shi labarin daren jiya. Ba a ƙara ba.

Kamar kilomita 40 a gaba muka sauka daga kwalta, muka shiga daji tafiyar kilomita uku. Hiace ta kafe sau ɗaya, aka rage iskar taya, aka sa shebur, Hilux ta ja ta. Dattijon ya nuna wani lungu a bayan tudu, gefen yamma maso kudu, inda kandili da aduwa suka yi shinge, ya ce nan za a kwana. Mu kuma tsoron sake kafewa da safe ya sa muka bar Hiace a kan dandali mai tauri a sama, gefenta na fuskantar arewa maso gabas, wato daidai inda hunturu ke fitowa.

Da la'asar muka taka zuwa manyan tuddan rairayi. Ma'aunin zafin da na rataya a jakata ya nuna 31. Tafiyar ta fi yadda ido ya auna, kamar yadda hamada ta saba. Ƙarangiya ta cika wandunanmu, dattijon yana nuna wa yaron sawun yanyawa da na gafiya, yarinyar tana hawa tana gangarowa har rigarta ta jiƙe sharkaf da gumi. Ba mu dawo zango ba sai da rana ta faɗi. Ba wanda ya tuna a sake wa yara tufafi.

Daren

Mutanen gari ba mu san ɗarin daji ba, mun dai san na cikin gida. A gari katangar laka da ta sha rana tana mayar da ɗumi har tsakar dare. A daji ba haka ba. Iskar hunturu busasshiya ce, sama kuma babu gajimare, to babu abin da zai tare zafin da ƙasa ta tara da rana, yana tashi ya tafi da zarar duhu ya yi. Rairayi a samansa kawai yake riƙe zafi, nan da nan yake hucewa. Sanyin yana ta ƙaruwa har gab da fitowar rana. Ita kuwa mota ƙarfe ce da gilashi: ba ta riƙe ɗumi, in iska na dukan gefenta ma sai ta zuƙe ɗan wanda jikin mutane ya tara. Bukkar tabarma ta makiyayi ta fi ta daɗin kwana nesa ba kusa ba. Da asuba ma'aunina 8 ya nuna.

Amma farkon daren ya yi kyau, kuma ba na so in ɓoye wannan. Dattijon ya gasa mana tagalla, gurasar Abzinawa, a cikin rairayi da toka, muka ci da cuku da kilishi. Ya ɗora shayi a ɗan murhunsa na waya, kofi uku kamar yadda aka saba. Kaza da 'ya'yanta tana tsakar ka, yaron yana ƙirga su. Da za a watse, dattijon ya dubi matar yayana ya ce, "Hajiya, in sanyi ya dame ku, ku fito bakin wuta. Wuta ba ta shiga mota."

Ta ce to. Ina zaune a wurin, na ji, ban ƙara kalma ɗaya ba.

Su huɗu suka shiga da bargo uku suka ja ƙofa. Ni da direba muka kwanta a gefen Hilux da na huɗun, dattijon ya naɗe cikin nasa gwadon.

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi bayan kwanaki. Wajen ƙarfe uku yarinyar ta farka tana rawar ɗari tana tari, hannunta kamar ƙanƙara. Uwar ta rungume ta, ba ta daina ba. Ta tuna maganar dattijo, ta kuma ga fitar da yarinya mai tari cikin wannan jaura ba dabara ba ce. Sai ta fito a hankali, ta ɗauki murhun shayin, ta zuba garwashi daga wutar da ta lafa, ta ƙara gawayi 'yan ƙwaya. Ta tsaya a waje cikin sanyi tana fifita shi har hayaƙi ya ɗauke, ya yi ja. Ta zuba rairayi a faranti, ta ɗora murhun a kai nesa da katifa da labule. Sannan ta rufe ƙofa ruf don kada ɗumin ya fita.

A duba da kyau abin da ta yi. Gobara ta sani, ta yi maganinta. Hayaƙi ta sani, ta yi maganinsa. Haɗari na uku ne ba a taɓa gaya mata ba.

Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iskar guba, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye, kuma jan garwashin da ba ya hayaƙi yana fitar da ita sosai. In ta shiga huhu, sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da wani abu, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. A ɗakin laka mai ƙofar langa-langa ana iya tsira saboda kafofi. Motarmu ba ta da kafa ko ɗaya.

Asuba

Shayi ya cece su, da ikon Allah. Dattijon ya tashi wajen ƙarfe biyar, kafin sallah, ya lalubi murhunsa inda ya bar shi bai samu ba. Bai tsaya nema ba. Muryarsa ta tashe ni: "Malam! Malam, buɗe motar nan!"

Na ja ƙofar, wani ɗumi mai nauyi ya bugi fuskata. Muka buɗe baya da gaba duka. Yaron ya sauko da ƙafarsa yana tangaɗi, ya durƙusa ya yi amai. Yayana yana amsa kira amma ya kasa ɗaga kansa. Matarsa ta buɗe ido tana kallona ba ta gane ni ba. Yarinyar tana numfashi, amma ko da na girgiza ta na kira sunanta ba ta motsa ba.

Direba ya ja da baya yana salati, ya ce iska ce ta taɓa su, wurin nan da ma bai kwanta masa ba. Ya kawo buta zai kwara musu ruwa, ya ce a nemo nono a ɗura musu. Ban ga laifinsa ba, abin da ya tashi ya ga ana yi ke nan, kuma kalmar da ya faɗa ma daidai ce, iskar ce dai ba wadda yake nufi ba. Na hana. Wanda ba ya cikin hayyacinsa in aka ɗura masa abu huhu yake tafiya, ruwan sanyi kuma a wannan ɗari wata cutar ce. Muka shimfiɗe su a fili, yarinyar a kan gefenta don kada amai ya shaƙe ta, muka lulluɓe su. Sannan muka sa su cikin Hilux, gilasai a sauke, muka bar dattijon da Hiace. Waya ba ta kama ba sai da muka hau kwalta. Tsakanin buɗe ƙofa da isa asibiti mafi kusa an fi awa ɗaya, saboda ramukan hanyar.

Ma'aikacin jinyar da muka tarar tambaya uku ya yi: duk huɗun lokaci ɗaya? Wuri ɗaya suka kwana? Akwai gawayi? Ya ce da mutum ɗaya aka kawo masa da ciwon kai da amai, zazzaɓin cizon sauro zai fara nema, amma gida guda a dare guda, babu zafin jiki, ba sauro ba ne. Ya maƙala wa yarinyar ɗan abin auna oksijin a yatsa, ya nuna 98. Na ji sanyi a raina, sai ya girgiza kai. Ya ce wannan na'ura ba ta bambanta jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki gubar, don haka lambarta ba abin dogaro ba ce a nan. Ya sa mata oksijin nan take, sannan uwar. Ya bayyana mini cewa a iskar waje jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ya fita, da tsantsar oksijin kuwa kamar awa ɗaya da 'yan mintuna. Hantsi ya ɗaga kafin yarinyar ta yi kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Aka tura mu Tahoua, suka kwana biyu a asibiti. Likita ya ja kunnenmu cewa wannan guba takan dawo da illa bayan kwanaki ko makonni, mantuwa, ko canjin hali, ko rikicewar tafiya, a sa musu ido. Yayana ya yi kusan mako biyu da ciwon kai. Yarinyar mun kai ta an sake dubawa sau biyu, lafiya lau.

Inda abin ya fara

A cikin dangi hukunci bai ɗauki lokaci ba: an ce mata kada ta shigar da wuta, ta shigar. Wata gwaggonmu har ta ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Matar yayana ba ta kare kanta ba, ta yi wata guda ba ta iya haɗa ido da mutane. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma na faɗa a gaban kowa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ya tsage tun kafin ƙarfe uku na dare. Da an sayi barguna a Abalak, da yarinyar ba ta farka ba. Da an sake mata riga bayan yawon tudu, da an ajiye motar a lungun da dattijo ya nuna, haka nan. Waɗannan uku maza ne suka yanke su, da rana tsaka, ba wanda ke rawar ɗari a hannunsu. Ita aka bar wa sakamakon a cikin duhu, da yarinya mai tari, da zaɓi biyu da kowanne ke da ban tsoro.

Biyu kuma nawa ne. Ni na mayar da motar tulu mai murfi, ban tambayi kaina ta ina mutum huɗu za su shaƙi iska ba, ko da babu wuta. Na biyun ya fi ci mini rai. Lokacin da dattijo ya ce wuta ba ta shiga mota, hani ya bayar, bai ba da dalili ba, don a wurinsa abu ne da kowa ya sani. Ni na san dalilin, yana cikin darasin numfashi da nake koyarwa kowace shekara. Da na ce, "Hajiya, ba don gobara ba ne, garwashin da ba ya hayaƙi shi ke kashe mai barci," da ba ta ɗauki murhun ba. Ta gaya mini haka da bakinta, kuma na yarda, domin macen da ta tsaya cikin jaura tana fifita gawayi har hayaƙi ya ƙare ba mai ganganci ba ce. Hanin da ba a faɗi dalilinsa ba, mai hankali yakan cika dalilin da kansa, ya kiyaye abin da ya zata ake nufi. Abin da ta yi ke nan.

Akwai kuma yadda muka ɗauki dattijon. Mun ɗauke shi mai nuna hanya, alhali sau uku ya yi magana a kan kwana, iska da bargo da wurin zango, sau uku muka bi son ranmu. Mutumin da ya yi shekara sittin yana kwana a wannan daji, muka auna maganarsa da dare ɗaya a bayan katanga.

Da aka koma makaranta a Janairu, na ajiye darasin ranar na tambayi ajina su wa ake shigar da garwashi ɗakinsu in ɗari ya yi. Hannayen da suka tashi sun tsorata ni. Na ce a bar taga a buɗe, wata yarinya ta ce, "Malam, to ai ɗumin zai fita." Muka yi awa guda a kan wannan magana tata, domin ita ce ainihin abin da ke sa uwaye rufe ƙofa. Na ce musu a ɗumama ɗakin tun da sauran ido biyu, a fitar da murhun waje kafin a kwanta, sannan a rufe.

Motar tana nan. Mai walda ya yanka rufinta ya sa mafitar iska mai hula, na ɓamɓare liƙin tagogin baya na sa musu raga. Yayana ya sa aka kawo masa ƙararrawar gubar daga Yamai, mai aiki da batir, ya ɗaure ta kusa da kan gado. Barguna takwas ne yanzu a akwatin ƙasa. Ƙura tana shiga, mun bar ta.

Murhun shayin a cikin motar aka dawo da shi Tahoua, an manta. Cikin Fabrairu muka kai wa dattijon abinsa har Abalak, da sukari da ganyen shayi, matar yayana ta ce lalle da ita za a je. Ya karɓa, ya tambayi jikin yarinyar, sannan ya shiga motar ya miƙa hannu cikin ramin rufin ya riƙe shi a can ɗan lokaci. Ya sauko ya ce mata, "Hajiya, Tigidit tana nan ba ta tafi ko'ina ba. In ɗari ya dawo, ku zo da yaran."